Rabin Kitson Zaituna

A Gure, daga shekara goma da suka wuce har zuwa bara, idan ka ga mace ranar Alhamis da safe ta ɗaure kallabi tamau har gira, da jariri a baya, ta nufi likita da sauri, ba sai ka tambaya ba. Daga hannun Zaituna ta fito. Da za a ɗaga kallabin, sai a ga gefen dama an kitse shi tsaf, gefen hagu kuwa yana tsaye buzu-buzu. Har 'yan kabu-kabu sun gane. Sukan rage gudu su ce, "Mai jego, likita ko? Hau mu je a ƙarasa miki kai."

Ni Husseina ce, mai ƙosai a bakin tasha. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Zaituna, ita ma wata damina ta cinye mata gefe guda, ba mu gyara ba, don ta wurin muke miƙa wa juna gishiri da labari. Shekara talatin da shida muka yi a haka. Ta rasu bara bayan ƙaramar salla. Allah ya jiƙanta.

A Kelle aka haife ta, a gidan manoma gero. Kakarta ta wajen uwa Babarbariya ce, ita ta koya mata kitso tun tana ƙarama. Aure ya kawo ta Gure, gidan Burahima mai sayar da kanwa da dabino a kasuwa, mutum mai sanyin hali wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu ba. Ita kuwa gajeriya ce mai wushirya, in ta yi dariya har tasha nake jiyo ta. A gindin bishiyar bedi ta tsakar gidanta take aiki. Tana kan 'yar kujera, mai kitso tana kan tabarmar kaba a tsakanin gwiwoyinta, ga kibiyar tsaga, ga mashaci, ga ƙoƙon man shanu a gefe. Takan ce duk macen da kanta ke tsakanin gwiwoyinta, ko matar sarki ce, sai ta saurara.

Ɗanta na fari Inusa ne. Wata bakwai ya yi a duniya. A wani ɗari ya kama amai da zawo, tsofaffin unguwa suka duba bakinsa suka ce haƙori ne, a bar shi zai wuce. Aka goga masa magani a dasashi, aka ɗaura masa laya a wuya. Kwana uku idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Ran da aka yanke shawarar kai shi likita, a hanya ya cika, a bayana, don ni na goya shi. Daga ranar Zaituna ba ta ƙara kiran sunansa ba. Bayan shekaru Allah ya ba ta Nasira, ita kaɗai ta rayu mata.

Abin da ya jawo rabin kitso kuwa, hira ce. A cikin masu zuwa gindin bedi akwai Madam Halima, ungozomar likita, 'yar Damagaram mai son ƙananan kitso. Wata rana a shekarar dubu biyu da goma sha huɗu tana zaune ana yi mata, ina gefe ina surfa wake.

Madam ta ce, "Zaituna, sassauta hannu, kaina ba guga ba ne."

"In na sassauta, jibi ki aiko a ce ya warware. Zauna daidai. Me ya ɓata miki rai yau kike ta tsaki?"

Madam ta ce an kawo musu sabon rigakafi na jarirai, na zawo. Ba allura ba ce, ɗigo ne a baki, na farko in jariri ya cika sati shida, na biyu bayan wata guda. Yana nan cikin sanyin firigo, kyauta, amma duk Alhamis sai su zauna suna hamma, mata ba su zuwa a kan lokaci.

Zaituna ta ce, "Sati shida kwana nawa ke nan?"

"Arba'in da biyu."

Zaituna ta yi dariya har ta saki gashin da ke hannunta. "Wanda ya tsara muku wannan bai taɓa jego ba. Ran arba'in mace ke gama wanka, a yi mata kitso da lalle ta fita yawon arba'in, daga Gidigir sai Kelle, gidan gwaggo da gidan kawu. Wadda ta zo haihuwa gidan iyaye kuwa ranar ake mayar da ita ɗakinta. Kwana biyu kacal suka raba ku da su, Madam."

Sai kuma ta tambaya, murya ta sauka, "Wane irin zawo ne?"

"Mai zuwa da amai, wanda ya fi yawa lokacin ɗari. Shi ke tsotse ruwan jikin yaro cikin kwana biyu uku."

"Ba na haƙori ba ne wannan?"

"Haƙori dai lokacin fitowarsa ne ya zo daidai. Ƙwayar cuta ce, rota ake ce mata. Ɗigon ba ya hana kowane zawo, kar in yi miki ƙarya, amma yana karya wa wannan ƙarfi."

Zaituna ta ƙarasa kitson nan, Madam ta tafi. Da la'asar ta zo bakin katanga ta tsaya, ba ta zo aron komai ba. Ta ce, "Husseina, ashe ba haƙori ba ne." Na ce na ji. Muka tsaya haka har aka kira salla.

Washegari wata mai jego ta zo kitson arba'in. Zaituna ta tsefe kan, ta shafe shi da mai, ta kitse gefen dama har ƙeya, ta sa kibiya cikin gwangwani ta rufe.

Yarinyar ta ce, "Iya, saura rabi."

"Na sani, ni na yi shi. Jibi Alhamis ki kai wannan ɗan naki likita a ɗiga masa, ki kawo mini karne, katinsa na rigakafi, in gani, in ƙarasa miki."

"To in na je wajen wata?"

"Je ki."

Ta san abin da ta taka. A garinmu makitsiya ba ta sa hannu a kan da wata ta fara, abin kunya ne, kamar ka shiga gonar wani ka ƙarasa masa shuka. Kuma babu mai jegon da za ta fita yawon arba'in da rabin kai, dangin miji su gani. Yarinyar ta yi fushi, ta ɗaure kallabi, ta jira Alhamis. Da ta dawo da karne, Zaituna ta yi mata kitson da har yau ake labarinsa, ta ce, "Kitsona wata guda yake yi kafin ya tsufa. Ɗigon ma wata guda ne. Ki biya likita, ki biyo nan."

Zaituna ba ta iya karatu ba. Madam ce ta nuna mata gidan da ake rubuta rota a cikin karne, ta riƙe shi da yatsa, gida na nawa daga sama. Wata rana wata mai wayo ta kawo mata karnen babban ɗanta. Zaituna ta juya shi, ta shinshina, ta miƙa mata.

"Wannan karne ya sha hayaki, ya sha miyar kuka, ɓera ma ya ɗanɗana. Jaririn kwana arba'in ne ya tsufar da shi haka? Gaskiya yaron nan da ƙoƙari yake."

Matan da ke jiran layi suka yi ta dariya, ita ma mai karnen ta rufe fuska tana yi. Ado mai shago kuwa da kansa ya zo ƙofar gida ya yi sallama da Burahima, ya ce kwana biyu matarsa ko kwanciya da kallabi take yi, a ja wa Zaituna kunne. Burahima ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Alhaji, ni da nake aurenta ban taɓa cin gardama da ita ba. Ɗauki iyalinka a moto ka kai su likita, ya fi maka sauƙi."

Haka aka yi wata biyar, dabara tana ci. Sai abin ya zo kan 'yarta.

Nasira ta auri Mamadu, Bafillace mai shanu daga wajen Alakos, ta zo gida haihuwar fari, ta sami 'ya mace aka sa mata Salamatu. Tsakiyar ɗari ne, lokacin da zawon nan ke yawo. Arba'in ɗinta ya faɗo ranar Talata. Ranar Lahadi uwar Mamadu, Ummul Kulsum, ta sauko daga kamiyo, babbar motar 'yan kasuwa, da ƙwaryar man shanu da ɗaurin cuku, doguwar mace siririya mai tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Kamiyo zai koma Talata da safe, da su zai tafi. Mamadu da shanu suna jiransu don a tashi zuwa wata rijiya can arewa, ciyawar inda suke ta ƙare.

Ga Talata, ga Alhamis. In jaririyar nan ta hau kamiyo ba a ɗiga mata ba, sai daji, inda likita mafi kusa tafiyar rabin yini ce a kan jaki, kuma babu wanda zai ɗauki lafiyayyen jariri ya yi wannan tafiya sai in tsohuwar gida ce ta ce a yi. Zaituna kuwa ba ta da bakin magana. Uwa ba ta tsayawa gaban surukai ta ce a bar mata 'yarta, ko da kwana ɗaya ne, sai a ce ta riƙe matar mutane. Ko sunan Nasira ba ta faɗa a gabansu, sai dai "yarinyar nan".

Ta fara zuwa wajen Madam ta roƙa a ɗiga ranar Litinin. Madam ta ce kwana bai cika ba, kuma ba ita ta rubuta dokar ba. Sai ta koma ga abin da ta sani. Litinin da hantsi ta zaunar da Nasira ta yi mata rabi, ta rufe gwangwani. Ummul Kulsum tana zaune a inuwa tana jan carbi, ta dubi kan, ta yi murmushi.

"Ba komai, ɗaura mata kallabi. Mu ma Allah ya ba mu yatsu. In mun isa ruga ni zan ƙarasa mata."

Ita ba makitsiyar Gure ba ce, kunyarmu ba ta ɗaure ta ba. Zaituna ta tsallako ta ɓarakar katanga ta same ni ina wanke kasko. Rabona da ganin fuskarta haka tun ranar Inusa.

Ta ce, "Husseina, dabarata ta ƙare a kan jikata."

Na ce ta bari in je ni in yi wa matar magana. Ta ce a'a, za a ce ita ta turo ni. Muna tsaye sai muka hango Ummul Kulsum ta zame kallabi za ta yi alwalar azahar. Gashi ne har gadon baya, furfura kaɗan, amma tsohon kitso duk ya cukurkuɗe da ƙurar hanya. Zaituna ta daɗe tana kallo. Ta ce in zo in zauna kusa, in kawo wakena.

Abu ɗaya ya taimake ta. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, abin da suruka ba ta iya faɗa, abokiyar wasa tana iyawa. Bayan salla Zaituna ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Bafillatana, zo nan. Ba za ki fita daga gidana da wannan sheƙar tsuntsu a ka ba, a ce a Alakos ba mu san baƙo ba."

Ummul Kulsum ta ce, "Babarbariya, na ji labarinki a kasuwa tun kafin in sauke kaya. Ni ba mai jego ba ce, ba ni da karne."

"Ke ai ko kina da shi saniya ta cinye. Zauna."

Ta zauna. Aka tsefe kai, aka shafa man da ita ta kawo. Zaituna ta ce man ya yi kaɗan, dama Fulani da rowar abin saniya. Ummul Kulsum ta ce ai Barebari in ka ba su da yawa sha suke yi. Suka yi ta haka, ni ina dariya ina tsince wake, Nasira tana ɗaki tana shayarwa. Layi yana bin layi, ƙanana, irin wanda Zaituna ba ta yi wa kowa sai amare. Ummul Kulsum ta kai hannu ta shafa, ta ƙara shafawa, ka san ya yi mata.

Da aka kai tsakiyar kai, hannun Zaituna ya tsaya. Na ɗauka dabarar ce za ta maimaita. Ashe ba ita ba ce.

Ta ce, "Ummul Kulsum, kafin yarinyar nan na haifi namiji. Inusa."

Shekara kusan talatin ban ji sunan nan a bakinta ba. Ta ba da labarin duka, ba ta tsallake komai ba, har yadda take matsa masa nono a baki ba ya iya kamawa, har zanen da aka goya shi da shi. Ta faɗi abin da Madam ta gaya mata. Ba ta roƙi komai ba, ba ta ambaci Talata ko Alhamis ba. Ummul Kulsum tana zaune kanta a sunkuye tsakanin gwiwoyin, ba mai ganin fuskar wani, ina jin shi ya sa maganar ta iya fita.

Can Ummul Kulsum ta ce, "Ni uku. Biyu maza, ɗaya mace. Dukansu da ɗari." Ta faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. "Mu ma haƙori muka ce."

Kurciya tana ta kuka a kan bedi. Sannan ta fara tambaya, kamar mai taya saniya a kasuwa. Me ke cikin ɗigon? Wa ya sha ya rayu? Ba ya hana yarinya haihuwa in ta girma? Zaituna ta ce abin da ke ciki ba ta sani ba, sai a tambayi Madam, amma ta lissafa mata jariran unguwa da aka ɗiga wa, ta ce ta aika a ɗauko mata ko wanne ta ɗaga ta ji nauyinsa.

Ta ƙara da cewa, "Shanunku ba a yi musu rigakafi?"

"Ana yi duk shekara. Mamadu ne kan gaba a layi."

"To ashe maraƙi ya fi jikarki gata."

Ummul Kulsum ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bakin zane. "Babarbariya, bakinki ya fi kibiyarki tsini."

Zaituna ta ɗauki kibiya ta ce, "Juyo in ƙarasa miki. Ko kin tafi gobe ko kin zauna, ke baƙuwata ce, ba na barin kanki haka."

Ummul Kulsum ta kai hannu baya ta riƙe mata wuyan hannu. "Bar shi. Ni ma sai Alhamis, kamar kowa."

Talata da safe ta ɗaure kallabi har gira ta zo tasha, ta tsaya daidai inda nake suya, ta kira direban kamiyo. Ta ce ya gaya wa Mamadu ya tashi da shanu in ya matsu, ya bar musu jaki da wanda zai nuna hanya, su sai kamiyon mako mai zuwa. Direba ya ce in ya tambayi dalili fa? Ta ce, "Ka ce masa kan uwarsa rabi ne." Ta sayi ƙosai ta ce ya cika yaji.

Alhamis na rufe suya da wuri muka tafi mu huɗu da jaririya. Mata a layi suna ganin kallabin tsohuwa suka fara ƙus-ƙus, wata ta ce, "Iya, barka da arziki, namiji ko mace?" Ummul Kulsum ta ce tagwaye ne, ta bar su gida suna kiwo. Da aka zo kanmu, ita ta riƙe Salamatu. Madam ta matsa ɗigon a gefen kumatu a hankali, yarinya ta yi ta tsotsar leɓe kamar an ba ta zuma. Allurar cinya ce ta sa ta tsala ihu, Ummul Kulsum ta harari majo, ma'aikacin da ya yi allurar, ta ce ko ɗan maraƙi ba a soka haka. Sannan ta sa Madam ta nuna mata gidan rota a karne, da gidan da ya rage, ta auna su da yatsa yadda Zaituna ke yi. Da yamma aka ƙarasa kai biyu a gindin bedi, na surukar aka fara.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki direban kamiyo ya tsaya a gabana da ɗaurin cuku. Ya ce wata tsohuwa ta tare shi a hanya a kan jaki, ta ce a kai wa Babarbariya, a gaya mata gida na biyu ya cika, kuma kitsonta ya fara warwarewa tun sati uku, ashe yabon da ake mata ƙarya ne. Zaituna ta rungume cukun nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ba zan ce daga nan ba a ƙara rasa yaro a unguwarmu ba. Zawo iri-iri ne, kuma rai na Allah ne. Zaituna da kanta tana ajiye ƙunshin garin gishiri da sukari na likita a gwangwanin kibiya, duk wadda ta ce ɗanta na gudawa sai ta ba ta, ta kore ta likita, ta bi ta da faɗan wanke hannu. Amma abin da idona ya gani zan faɗa. A da in ɗari ya shigo, har gindin itace ake shimfiɗa tabarmi a likita don ɗakin yara ya cika. Shekarun baya-bayan nan na je dubiya na ga gado babu kowa. Matan da ke tallar fura kusa da ni sun daina ɓacewa sati biyu-biyu suna jinya. Akuyar da a da za a ja kasuwa saboda ciwon yaro, sai ta zauna ta haihu a gida. Madam ta ce har yayye da kakanni sun rage kamuwa, tunda jaririn da ke kawo abin cikin ɗaki ya samu kariya. In aka yaba wa Zaituna sai ta ce ita me ta yi, ita da ta rage wa kanta aiki da rabi.

Hawan jini ne ya kayar da ita, tana tsaka da tsaga. Kwana huɗu ta yi a likita. Ran na uku ta farfaɗo, ta dubi yarinyar da ke auna ta, ta ce da kyar, "Wa ya yi miki wannan kitson? Ki faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba." Muka yi dariya ni da Nasira har muna hawaye, muka ce ta warke. Washegari da hantsi ta tafi, hannunta cikin nawa. Burahima har yau da la'asar yakan fito da 'yar kujerarta ya ajiye a gindin bedi, magariba ta yi ya mayar. Ban taɓa tambayarsa ba.

Ummul Kulsum ba ta samu zuwa jana'iza ba, suna nesa. Ranar sadakar arba'in ta iso, ta tsufa, tana dogara sanda, ga wata yarinya 'yar shekara tara tana riƙe mata da ƙunshi. Ba sai an gaya mini ba. Gajeriya ce, tana buɗe baki ta gaishe ni na ga wushirya irin ta Zaituna.

Bayan an yi addu'a an watse, tsohuwar ta zauna a tabarmar kaba, daidai inda ta zauna wancan karon. Ta kwance ƙunshi ta fiddo karne cikin leda, ya yi baƙi da hayaki, ta miƙo mini.

"Na kawo mata ta gani da idonta, Allah bai yi ba. Duba, ko gida ɗaya babu fanko."

Na ce ai Zaituna ta sani, cuku ya iso.

Ta tambaye ni wa ke yi wa masu jego kitso yanzu. Na ce makitsa biyu sun ɗauki al'adar, suna barin rabi, sai dai ɗaya tana da taushin zuciya, in aka yi mata kuka sai ta ƙarasa. Ummul Kulsum ta yi tsaki ta ce a turo mata ita ruga ta koyi aiki. Ashe tun shekarar nan, a rijiyarsu, ita ke kitson arba'in, kuma ba ta ƙarasawa sai ta ga karne. Ta ce har matan Buzaye da ke shayar da raƙuma a wurin sun san ta, suna ce mata mai rabin kai.

"Kitsona bai kai na Babarbariya ba. Amma na fi ta taurin kai, wannan ko ita ta sani."

Salamatu kuwa ta gaji da zaman manya. Ta gano ɓarakar katanga da kanta, ta tsallaka gidana, ta tarar da sauran ƙosan sadaka a kwano. Da na bi ta na same ta ta ci bakwai tana kan na takwas. Ta dube ni baki duk mai, ta ce, "Iya, ya cika yaji." Na ce haka kakarki ta ce. Na ɗebo mata ruwa a randa, na zauna ina kallonta har ta cinye.